Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Gidajen Kula Da Tsofaffi: A Buɗe Ƙofar Lambu Kafin A Sayo Tabarau

Zuwa ga shugabannin gidajen kula da tsofaffi, da hukumomin da ke ba su lasisi suna kuma duba ayyukansu.

Ya ku shugabanni masu girma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na ma'aikaciyar jinya wadda ta shafe mafi yawan shekarun aikinta a tsakanin tsofaffi, tana yi musu wanka, tana juya waɗanda ba sa iya juyawa da kansu, tana kuma zama a gefen gadon waɗanda barci ya ƙaurace wa. Na zaɓi in bar wasiƙar a buɗe kowa ya karanta saboda maganar da ke cikinta ta shafi 'ya'ya da jikokin da suka damƙa muku amanar iyayensu, kuma suna da haƙƙin su san abin da ake shirya wa iyayen nasu. Maganar ita ce ta na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a ido kamar ƙaton tabarau, ta nuna masa wata duniya ta kwaikwayo har ya ji kamar yana cikinta, wadda yanzu gidajen tsofaffi da dama ke rububin saye, wasu ma har suna kiran abin da ake yi da ita aikin lambu. Ban zo don in kushe na'urar ba, domin na ga amfaninta da idona. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake neman ba ta gurbin lambu na gaskiya, alhali ƙofar lambun tana nan a ƙarshen baranda da kwaɗo a jikinta.

Ranar da na fara ganin aikinta, wani dattijo muka ɗaura wa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ya fi shekara bai ga waje ba sai ta taga. Muka tokare shi da filo, muka daidaita masa igiyar a bayan kai, na riƙe hannunsa. Da farko ya yi tsit. Can sai na ga yana juya kai a hankali, daga dama zuwa hagu, leɓensa yana rawa, ya ce da ni, "'Yata, ashe wannan itacen ya yi 'ya'ya." Ya zare hannunsa mai lafiya daga nawa, ya miƙa zai kamo reshe, yatsunsa suka rufe a kan iska. Ya sake miƙawa, ya sake, har sau uku. Da na cire masa na'urar idanunsa sun cika da ƙwalla, ya yi ta yi mana godiya, kuma na tabbata godiyar daga zuciyarsa ta fito. Amma kafin in bar ɗakin ya kira ni ya yi mini wata tambaya da har yau ban manta ba. Ya ce, "To, wa ke ba su ruwa?" Na rasa abin da zan ce masa, domin shukokin da ya gani ba sa jin ƙishirwa, ba sa bushewa idan an manta da su, kuma ko ya dawo gobe ko bai dawo ba, haka za su kasance.

Ya kamata a yi wa wannan fasaha adalci. Ba jiya aka fara ta ba, domin tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa na'urar nuna hoto da ake sawa a ka a Amurka, wadda aka haɗa ta da wani ƙarfe da ke rataye daga rufin ɗaki. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne sauƙi, musamman bayan da kamfanin Facebook ya sayi Oculus, mai ƙera irin wannan na'ura, a 2014, aka kuma fito da irin waɗanda ba sa buƙatar a jona su da kwamfuta, har ma'aikaci ɗaya yana iya ɗauko guda a jaka ya kai ta ɗaki zuwa ɗaki. Likitoci ma sun daɗe da gane cewa idan ido da kunne suka nutse a wani wuri, hankali kan janye daga ciwo. A Jami'ar Washinton, Hunter Hoffman da David Patterson sun yi amfani da wata duniyar ƙanƙara ta kwaikwayo wajen rage wa masu ƙuna raɗaɗi a lokacin da ake wanke musu rauni, sannan a watan Nuwamba na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani tsari irin wannan domin masu daɗaɗɗen ciwon baya. A ɓangaren tsofaffi kuwa, akwai kamfanoni irin su Rendever da suka mayar da hankali kan gidajenku, suna nuna wa mazauna bakin teku, da daji, da unguwannin da suka taso. Duk wannan alheri ne. Sai dai yawancin binciken da aka yi a kan masu ciwon mantuwa, wato gigin tsufa, ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci. Wanda Jami'ar Kent ta Ingila ta fitar a 2019, da ake yawan ambata, mutum takwas kacal aka yi shi a kansu. Irin wannan ya isa ya ba da ƙwarin gwiwar ci gaba da gwaji, amma bai kai a gina tsarin rayuwar gida guda a kansa ba.

Masu tallar na'urar sukan kafa hujja da cewa kallon tsirrai kaɗai yana da tasiri a jiki, kuma a nan gaskiya suka faɗa. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa wani bincike da ya yi a kan bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Fensilbaniya ta Amurka tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu ganin itatuwa an sallame su cikin kimanin kwana takwas, masu kallon bango sun kusa kwana tara, sannan na farkon ba su nemi magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar na biyun ba. Saboda haka ba wanda zai ce ido ba shi da rabo a warkewa.

Amma akwai wani binciken da ya girmi wannan, wanda a ganina shi ya fi cancanta ku ajiye a kan teburinku, domin a gidan tsofaffi aka yi shi, kuma shi ne amsar tambayar dattijon nan. A 1976 Ellen Langer da Judith Rodin suka wallafa abin da suka gwada a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat. Mazauna bene ɗaya an tara su an shaida musu cewa ragamar al'amuransu na yau da kullum tana hannunsu, aka bar su su zaɓi daren da za su kalli fim, aka kuma ba kowa damar ya zaɓi shuka a tukunya, da sharaɗin shi zai kula da ita. Mazauna wani benen su ma an ba su shuka, an kuma yi musu magana mai daɗi, sai dai an ce kada su damu, ma'aikata za su riƙa ba ta ruwa. Ku lura cewa dukkansu suna ganin koren ganye a ɗakunansu, bambancin kawai shi ne wanda ke riƙe da butar ruwan. Bayan mako uku, waɗanda aka ɗora wa nauyin sun fi walwala, sun fi kuzari, sun fi shiga jama'a. Da aka dawo bayan wata goma sha takwas, kashi 15 cikin ɗari na rukunin farko ne suka rasu, a rukuni na biyu kuwa kashi 30. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma masana sun yi gargaɗin kada a ɗauki alƙaluman mutuwar a matsayin hujja yankakkiya, ni ma ban kawo su don in ce tukunyar fure tana ƙara kwana ba. Na kawo su ne saboda abin da duk wanda ya yi wannan aiki ya sani tun kafin a rubuta shi: tsoho yana saurin dusashewa daga ranar da ya gane cewa babu sauran abin da ke jiransa.

Wannan shi ne babban rashin da mutum ke yi idan ya shigo gidanku, ko da kuwa gidan ya fi ko'ina tsafta da kyautatawa. Wanda ya shekara sittin yana ɗawainiya da wasu, sai a wayi gari an mayar da shi wanda ake yi wa komai. A tashe shi, a wanke shi, a ciyar da shi, a ba shi magani, a kwantar da shi, kuma duk da kyakkyawar niyya. Likita Bill Thomas, wanda a farkon shekarun 1990 ya shigo da tsirrai da tsuntsaye da karnuka da kyanwoyi cikin wani gidan tsofaffi a jihar Niyu Yok, ya kuma mayar da filin ciyawar gidan lambu, ya ce annoba uku ce ke cin mazauna irin waɗannan gidaje, wato kaɗaici, da jin cewa ba ka iya komai, da gundura. Tabarau na kwaikwayo yana iya korar gundura na minti ashirin, idan an yi shi cikin rukuni ma ya taɓa kaɗaici. Ta tsakiyar ce ba ya iya kaiwa gare ta, domin shi ma wani abu ne da ake yi wa tsoho: wani ne ya ɗaura, wani ya zaɓi hoton, wani zai cire. Ko a irin manhajar da ke ba mutum damar shuka iri da latsa maɓalli, tsiron yana fitowa ne cikin daƙiƙa, ba ya jiran kowa, ba ya kuma mutuwa saboda sakacin kowa. Kama da wane ba ta wane.

Akwai wata tsohuwa da na yi jinya, wadda gigin tsufa ya ci ƙarfinta har ta daina gane 'yarta ta cikinta. Da la'asar ta yi sai ta rikice, ta kama zagaye baranda tana jijjiga ƙofofi tana cewa za ta tafi gida. Wata abokiyar aikina ta kawo kasko da ƙasa da 'yan rassan na'ana'a, ta ajiye a gabanta ba tare da ta ce uffan ba. Tsohuwar ta dube su, ta tsoma yatsa a ƙasar, ta murza, ta ce ta yi bushewa da yawa. Aka miƙo mata ruwa a kofi. Ta yayyafa, ta jira ya tsuma, ta huda rami da babban yatsa, ta tsinke ganyen ƙasa na reshen, ta dasa, ta danna gefe da gefe da tafin hannu kamar mai lallashin jariri. Babu wanda ya koya mata, hannunta ne ya tuna abin da kanta ya manta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga masu ilimin ƙwaƙwalwa, domin ƙwarewar da jiki ya saba da ita takan daɗe bayan sunaye da ranaku sun gudu. Daga ranar, idan ta fara rikicewa sai mu ce, "Mama, ba a duba shukarki ba yau." Ba kullum abin ke aiki ba, kuma bai warkar da ita ba, amma sau da yawa takan saki ƙofar ta biyo mu, ta murza ganye ta kai hanci, fuskarta ta saki. Wata rana ma ta yi mini faɗa sosai saboda na cika wa kaskon ruwa, kuma a duk watannin da na yi da ita ban taɓa ganinta cikin hayyacinta kamar a wannan faɗan ba.

Jinya ta hanyar aikin lambu tsohon abu ne. A 1812 Benjamin Rush, likitan Filadelfiya da ake ɗauka uban ilimin tabin hankali a Amurka, ya rubuta cewa majinyatan da ke taya saran itace da hura wuta da haƙa a lambu sukan warke, su kuwa waɗanda matsayinsu ya ɗauke musu irin wannan aiki sai su ƙare rayuwarsu a bayan bangon asibiti. Ku dubi yadda maganar ta dace da halin da muke ciki, inda ake hutar da tsoho daga kowane aiki da sunan girmamawa, hutun kuma ya zame masa cuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da lambu sosai wajen farfaɗo da sojojin da suka dawo da raunuka, a 1973 kuma aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, har abin ya zama fanni mai horo da ƙa'ida. A Holan da Nowe akwai gonakin kulawa inda masu ciwon mantuwa ke wuni suna aiki daidai ƙarfinsu.

Sannan akwai rabon jiki, wanda hoto ba ya bayarwa ko kaɗan. Hasken rana na safe shi ke daidaita agogon jiki, kuma duk ma'aikacin dare ya san bambancin barcin tsohon da ya fita da na wanda ya wuni a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Fata tana haɗa sinadarin bitamin D ne idan rana ta taɓa ta, shi kuwa ƙashi yana buƙatarsa, ga shi ƙarancinsa ya zama ruwan dare a tsakanin waɗanda ba sa fita. Ɗaukar ƙaramar buta, da miƙa hannu a tsinko busasshen ganye, da tsintar iri da yatsu biyu, da takawa daga wannan komi zuwa wancan, duk motsa jiki ne da tsoho zai yi ba tare da an ce masa ya yi motsa jiki ba, kuma naman jikin da ba a mora shi ke fara zubewa. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga iska a fuska, ga hirar da ke ɓarkewa da kanta idan mutum biyu suka tsaya a kan shuka ɗaya suna gardamar ko ta isa dashe. Lambu kuma yana koya wa mutum kwanan wata ba tare da kalanda ba, domin wanda ya binne ƙwayar wake yau yana da dalilin tambayar gobe.

To, me ya sa ƙofar take a kulle? Na san amsar domin ni ma na sha juya makullin. Tsoron faɗuwa ne, kuma tsoro ne mai tushe, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 kuma su suka fi yawa a ciki. A wani gida da na yi aiki, wani mazauni ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse ya karye a ƙugu. Abin da ya kamata a yi shi ne a gyara hanyar, a sa abin dafawa. Abin da aka yi kuwa shi ne aka rufe lambun gaba ɗaya, aka ce sai da ma'aikaci, ma'aikacin kuma ba shi da lokaci. Mai yankan ciyawa ya ci gaba da zuwa, furanni suka ci gaba da buɗewa domin baƙi masu zuwa duba gida su gani, tsofaffin da aka yi lambun dominsu suna leƙe ta gilashi. Na yi magana a taro, aka saurare ni cikin ladabi, ba a sauya komai ba, kuma har na bar gidan abin yana ci mini rai. Daga baya na gane ba mu kaɗai ba ne. Masu bincike a Jami'ar Ekseta ta Ingila sun tattara nazari 17 a 2014 kan lambu da masu ciwon mantuwa a gidajen kulawa, suka ga alamun cewa lambu yana rage tashin hankali da rikicewa, suka kuma ga cewa daga cikin abubuwan da ke hana amfani da shi akwai fargabar ma'aikata game da haɗari da ƙarancin lokacin raka mazauna.

A nan ne nake jin tsoron tabarau. Ga shugaban da ke fama da ƙarancin ma'aikata da tsoron ƙara a kotu, na'urar ta zo da sauƙin da ke da wuyar ƙi. Ba a yin laka, ba a canza wa kowa kaya, ba a tura keken guragu, ruwan sama ba ya hanawa, kuma a ƙarshen wata za a iya rubutawa a rahoto cewa mazauna kaza sun samu hulɗa da tsirrai. Hotonta ma yana da kyau a takardar talla. Da zarar an samu abin rubutawa a wannan gurbi, to kwaɗon ƙofar lambu ya samu wurin zama, ba kuwa don wani ya yi mugun nufi ba, sai don kowa ya ga kamar an biya buƙata.

Kada kuma a ɗauka ita na'urar ba ta da nata haɗarin. Idan ido ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana tafiya, sassan daidaito da ke can cikin kunne kuma suka ce a zaune ake, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya, kuma tsohon da ya miƙe da jiri a kansa ya fi wanda ke lambu kusa da faɗuwa. Nauyinta ya kai wajen rabin kilo, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wuyan da ya raunana. Masu yanar ido da sauran matsalolin gani ba lalle su ga abin da ake zaton suna gani ba, masu farfaɗiya kuma sai da shawarar likita. Na'urar da ke yawo daga fuska zuwa fuska tana buƙatar a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane karo. Wanda ya fi damuna shi ne mai ciwon mantuwa da ba zai iya bambance hoto da zahiri ba. An rufe masa ido, an ɗauke shi daga ɗakin da ya fara sabawa da shi, an kai shi bakin ruwa ko tsakiyar daji, kuma wataƙila ba shi da kalmomin da zai ce a fitar da shi. Nuna wa mutum unguwar ƙuruciyarsa ma takan tayar da baƙin cikin da ya kwanta, ya kwana yana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa. Sa hannun ɗa ko 'ya a takarda bai wadatar ba, dole a nemi yardar tsohon da kansa a kowane zama, a kuma karanta jikinsa: idan ya ɗaga hannu yana ture na'urar, ya gama magana. Ya kamata kuma ku tambayi kamfanonin da kuke hulɗa da su ina bayanan mazaunanku ke tafiya, domin waɗannan na'urori suna tattara motsin kai da na hannu, wasu ma har da na ido.

Haɗarin lambu kuwa sananne ne, kuma kusan duka ana magance shi da tsari. A yi hanya mai faɗi da keken guragu biyu za su gifta, shimfiɗaɗɗiya, marar santsi, wadda ke zagayowa ta dawo inda ta fara, don kada mai mantuwa ya tarar da bango ya firgita. A ɗaga komayen shuka su kai tsayin tebur, a bar sarari a ƙarƙashi inda gwiwar mai keke za ta shiga. A sa benci da inuwa a kusa da kusa, a samo kayan aiki marasa nauyi masu kaurin mariƙi saboda masu ciwon gaɓɓai. A cire duk shuka mai guba ko ƙaya, tunda wasu sukan kai ganye baki, a guji feshin magani. Masu shan maganin tsinka jini su sa safar hannu, a duba rigakafin sarƙe-haƙora, a jiƙa takin leda kafin a buɗe shi sosai don kada a shaƙi ƙurarsa, a kuma kula da ruwan sha da zafin rana, musamman ga masu shan magungunan da ke sa fata saurin ƙonewa. Gidan da ba shi da fili yana da taga, yana da baranda, yana da tebur mai taya da za a jera kasake a kai a tura shi har bakin gado. Ƙauyen Hogeweyk, wanda aka gina musamman domin masu ciwon mantuwa aka buɗe a garin Weesp na Holan a 2009, ya nuna cewa masu ciwon mantuwa mai tsanani ma suna iya yawo a fili cikin aminci idan an tsara wurin da su a rai.

Inda nake ganin tabarau ya dace shi ne inda ƙafa da keke suka gaza: wanda ba ya iya barin gado, wanda ke ɗakin keɓewa, kwanakin da sanyi ko zafi ya hana fita, da lokaci irin na 2020 da annobar korona ta sa aka rufe gidajen tsofaffi aka hana 'yan uwa shiga. A irin wannan hali, da babu gara ba daɗi, kuma zan kasance ta farko da za ta ɗauko na'urar. Ko a nan ɗin ma, a yi shi a zaune, na ɗan taƙaitaccen lokaci, da hoto mai natsuwa wanda ba ya gudu, da ma'aikaci a gefe yana ganin abin da tsohon ke gani a allo yana jan shi da hira, domin rabin amfanin daga mai zaman gefen yake fitowa. Kuma a haɗa shi da abu na gaskiya. Dattijon da na ba ku labarinsa, a zama na gaba mun ajiye masa kaskon shuka a kan cinya kafin mu ɗaura masa na'urar, da ya miƙa hannu sai ya tarar da ganye. Bayan an cire na'urar kaskon ya zauna a tagarsa, kuma shi ke ba shi ruwa da cokali.

Ku kuma hukumomi masu sa ido, abin da kuka tambaya shi ake yi. Idan takardar dubawarku ta tsaya a kan ko gida yana da lambu, kowa zai nuna muku lambu. Ku tambayi mutum nawa ne suka taka shi a makon da ya wuce, ƙarfe nawa ake buɗe ƙofar, wa ke riƙe da makullin, kuma mazauna nawa ne ke da shukar da za su nuna su ce tasu ce. Ku hana a lissafa zaman tabarau a gurbin fita waje, kowanne ya samu nasa layi a rahoto. Ku kuma rubuta ƙa'ida bayyananniya da za ta kare ma'aikacin da ya fitar da tsoho bisa tsari idan tsautsayi ya auku, domin muddin shi kaɗai zai ɗauki laifi, ba zai buɗe ƙofar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, su kuma kai biliyan 2.1 a 2050, sannan fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara. Gidaje masu yawa za a gina saboda waɗannan mutane, kuma abin da kuka amince da shi yanzu shi magina za su bi. Idan aka yarda hoto ya wadatar, za a fara zana gidajen da ba a bar musu fili ba tun daga takarda.

Roƙona gare ku, ya ku shugabanni, shi ne kafin ku sa hannu a takardar sayen na'ura ta gaba, ku tashi daga ofis ku taka zuwa ƙofar lambun gidanku da misalin ƙarfe goma na safe, ku murɗa mariƙin ku ga ko za ta buɗe. Idan ba ta buɗe ba, ku nemi mai makullin, ku tambayi ma'aikatan da ke bakin aiki abin da suke buƙata domin ta zauna a buɗe, ku ware musu sa'a guda a jadawalin yini wadda ba za a cinye ta da wani aiki ba, sannan ku zaga ɗakuna ku tambayi kowane mazauni abin da yake so ya shuka.

Taku cikin girmamawa,
Ma'aikaciyar jinyar tsofaffi